SHARHI: Haya ko mallaka? Zaɓin da sabon tsarin rasitin haraji ya ɗora wa kamfanonin Najeriya

Tun ranar 1 ga Agustan 2025, rasitin da babban kamfani ke bai wa abokin cinikinsa a Najeriya ya daina zama sirri tsakanin mai saye da mai sayarwa. A ranar ce hukumar tara harajin tarayya, wadda ake kira FIRS a lokacin kuma ta koma NRS daga farkon 2026, ta ƙaddamar da tsarin da ya wajabta wa kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan 5 a shekara su riƙa aika mata rasitansu ta na'ura. Hukumar za ta tantance rasit, ta ba shi lambarsa ta musamman da tambarin QR, sannan ya zama shaidar cinikin da doka ta amince da ita. An ɗaga wa manyan kamfanonin ƙafa zuwa 1 ga Nuwamban 2025, kuma hukumar ta bayyana cewa matsakaita da ƙananan kamfanoni za su biyo baya daki-daki.

Dokar gudanar da haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta ba tsarin haƙora. Wanda ya yi cinikin da ya kamata ya bi ta na'urar hukuma ya ƙi bi da shi, zai biya tarar naira 200,000, da ninkin harajin da ke kan cinikin, da kuɗin ruwa a kai.

Wannan ya sa wata tambaya da a da ba ta wuce ɗakin injiniyoyin kwamfuta ba ta iso teburin masu kamfanoni a Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Manhajar da za ta riƙa musayar takardun ciniki tsakanin kamfani da hukuma, da tsakaninsa da abokan hulɗarsa, a ina za ta zauna? Kamfani ya saye ta ya girka a kwamfutocinsa, cikin harabarsa, a hannun ma'aikatansa? Ko ya karɓi hayarta a wurin wani kamfanin da ke riƙe da ita a nasa rumbun, ya riƙa shiga ta intanet yana biya wata-wata?

Daga Berlin zuwa Bompai

Fasahar ba sabuwa ba ce. Ana danganta asalinta da jigilar kayan agaji ta sama zuwa birnin Berlin a 1948 da 1949, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin ƙasa. Jirage na sauka ba dare ba rana, kowanne da takardar kayansa mai tsari daban da harshe daban. Wani sojan Amurka mai suna Edward Guilbert da abokan aikinsa suka tsara takardar kaya mai fasali guda da za a iya aikawa ta waya ko rediyo. Daga wannan tunani aka gina abin da ake kira EDI a taƙaice, wato kwamfutar wani kamfani ta aika wa kwamfutar wani kamfani takardar oda ko rasit ko sanarwar lodi, ba tare da wani magatakarda ya sake bugawa da hannu ba.

Don kwamfutoci biyu su fahimci juna dole su yi magana da harshe ɗaya. Amurka ta kafa kwamitin ma'auninta mai suna X12 a 1979, inda kowace irin takarda ke da lamba: 850 oda ce, 810 rasit, 856 sanarwar an ɗora kaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da nata, EDIFACT, wanda ya zama ma'aunin duniya a 1987, kuma shi kamfanonin jiragen ruwa da hukumomin kwastam suka fi riƙewa. Tsarin rasitin Najeriya ya bi sabon salo, na ma'aunin Peppol da aka fara a Turai, amma ruhin abin ɗaya ne.

Abin lura a tarihin wannan fasaha shi ne ƙaramin ɗan kasuwa bai taɓa shigarta don ganin dama ba. Babba ne ke jan sa. A 2002 katafaren kantin Walmart na Amurka ya umarci masu kawo masa kaya su koma aika takardunsu ta wata hanyar intanet da ake kira AS2, duk wanda ke son ci gaba da ciniki da shi kuwa ya bi. Bambancin yau shi ne gwamnati ce ta hau kujerar Walmart. Italiya ta wajabta rasitin na'ura tsakanin kamfanoni daga Janairun 2019, Saudiyya ta fara a Disambar 2021, Ghana a 2022. Jamhuriyar Nijar ma ta riga Najeriya shiga tsarin tantance rasitai.

Inda siyasa ta shigo

Matasan da suka bi taƙaddamar ƙudurorin haraji za su tuna cewa a ƙarshen Oktoban 2024 gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna suka yi fatali da tsarin rabon harajin VAT da ƙudurin farko ya zo da shi. Bayan watanni na ja-in-ja aka tsaya a kan cewa tarayya za ta ɗauki kashi 10 cikin 100, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. A rabon tsakanin jihohi kuma, rabi za a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan.

Kashi 30 ɗin nan ne ya haɗa muhawarar da batun manhaja. A tsohon tsari, kamfanin sadarwa ko na lemon kwalba da hedikwatarsa ke Legas kan biya harajinsa a can, a lissafa wa Legas, ko da a Kano ko Sakkwato aka sayi katin wayar aka sha lemon. Sabuwar doka ta ce a duba inda kayan suka ƙare. To amma hukuma ba ta da wata hanyar sanin inda kaya suka ƙare face abin da takardun ciniki suka gaya mata. Idan tirelar kaya ta tashi daga Ikeja zuwa kasuwar Singa, rasitin ya nuna Kano, an san inda ta nufa. Idan babban dila a Singa ya rarraba kayan zuwa Gusau da Azare da Potiskum a kan littafin bashi da saƙon WhatsApp, sawun ya ɓace daga nan. Jihar da cinikinta ke gudana a wajen na'ura za ta daɗe tana ƙorafin an tauye ta, ba ta da alƙaluman da za ta kafa hujja da su.

Akwai kuma matsin da zai zo daga kasuwa kanta. Sabuwar dokar ta faɗaɗa damar da kamfani ke da ita ta cire harajin VAT da ya biya wajen sayen kaya da ayyuka daga wanda zai miƙa wa gwamnati. Babban kamfani zai fi son mai kawo masa kaya ya ba shi rasitin da hukuma ta tantance, domin shi ne ba zai jawo masa gardama da masu binciken haraji ba. Saboda haka kamfanin casar shinkafa ko na matsar gyaɗa da ke sayar wa manyan masana'antu zai iya samun kansa a tsarin tun kafin wa'adin doka ya iso kansa.

Abin da mallaka ke ci

Girka manhaja a gida yana da farin jini a zukatan 'yan kasuwar da suka saba riƙe mabuɗin sito a aljihu. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Takardun ciniki su ne asirin kamfani: wa yake sayar wa, a kan nawa, wa ya yi wa ragi, wa ke binsa bashi. Wanda ya ajiye su a na'urarsa shi ke yanke wanda zai gani. Yana iya gyara manhajar ta dace da tsarin ajiyar kayansa, kuma idan takardunsa sun kai dubbai a rana, ba ya biyan kowa kuɗi a kan kowace ɗaya.

Sai dai kuɗin sayen manhajar shi ne mafi sauƙi a lissafin. Masu sayar da irin wannan manhaja kan karɓi kuɗin kula na shekara-shekara da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na farashinta, kuma akasari da dala. Sai saba, wato babbar kwamfutar da manhajar za ta zauna a ciki, da ta biyu da za ta karɓa idan ta farko ta tsaya. Sai ɗaki mai sanyi dare da rana, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Sai wuta. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga farashin masu rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, kuma ko da wannan tsada babu tabbas. A ƙarshen Oktoban wannan shekarar mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar layin da ke kawo wuta ta Binuwai. Masana'anta na iya kashe injinanta ta sallami leburori har wuta ta dawo. Sabar da ke karɓar oda da fitar da rasit ba ta da wannan hutu, dole janareta ya ci gas saboda ita.

Mafi wuyar samu shi ne mutum. Kowane abokin ciniki yana da yadda yake so a jera masa bayanai, kuma aikin daidaita takardar kamfani da tasa sana'a ce ta 'yan kaɗan. Haka sabunta takardun shaidar tsaro kafin su ƙare, da bin duk canjin da hukumar haraji za ta yi wa fasalin rasit. Bankunan Najeriya da ke biyan albashi mai tsoka sun sha fama da ficewar injiniyoyinsu zuwa ƙasashen waje, musamman daga 2022. Matsakaicin kamfani a Kano ko Kaduna yakan ƙare da mutum ɗaya da ya san kan na'urar, sau da yawa ɗan'uwan mai gida ko yaron da aka yarda da shi. Ranar da ya samu biza, ko suka ɓata da mai gida, kamfanin ya mallaki akwatin da ba ya iya buɗewa.

Batun tsaro ma ba ya goyon bayan mallaka kamar yadda ake zato. A ƙarshen Mayun 2023 gungun masu kutse da ake kira Cl0p suka gano ɓaraka a manhajar aika fayiloli ta MOVEit, suka kwashi bayanan hukumomi da kamfanoni fiye da 2,000. A Disambar 2024 suka sake yin haka da manhajojin kamfanin Cleo, waɗanda kamfanoni ke girkawa don musayar takardun ciniki. A irin wannan hali mai manhaja yakan toshe ɓarakar a rumbun da yake riƙe da kansa nan take, amma wanda ya girka a gida sai ya ji labari, ya sauko da gyaran, ya ɗora da hannunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da mutum ɗaya ke gadi yana iya kwana da tsagarsa makonni.

Ga gobara da ambaliya kuma. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016, ko ruwan madatsar Alau ya yi wa Maiduguri a Satumban 2024, ya san makomar na'urar da ita da kwafinta ke gini ɗaya.

Abin da haya ke ɓoyewa

Tsarin haya ba baƙo ba ne ga fataucin ƙasar Hausa. Fatake sun daɗe da sanin fatoma, mai masaukin da ke karɓar baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya yi masa tafinta, ya karɓi la'adarsa. Kamfanin da ke ba da hayar manhajar musayar takardu aikin fatoma yake yi. Ya riga ya ƙulla hanya da hukumar haraji da manyan kamfanoni, yana da ma'aikatan da ke gadi dare da rana, yana fassara takardar wannan zuwa harshen na'urar wancan. Ɗan haya ba ya sayen saba ko na'urar sanyaya ɗaki, kuma aikin da zai ci watanni a gida yakan kammala cikin makonni. Idan hukuma ta sauya fasalin rasit, mai haya zai gyara sau ɗaya domin dukkan abokan cinikinsa.

Amma fatoma ya san sirrin kowane baƙonsa, kuma idan gidansa ya ƙone kayan kowa sun tafi tare. Misali mafi girma ya faru a Amurka a Fabrairun 2024, lokacin da masu kutse suka shiga kamfanin Change Healthcare, wanda ke dillancin takardun biyan kuɗi tsakanin asibitoci da kantunan magani da kamfanonin inshora. Sun shiga ne ta wata ƙofa da ba a sanya mata matakin tantancewa na biyu ba. Asibitoci da likitoci suka shafe makonni ba sa iya aika takardun neman kuɗinsu, wasu har da cin bashi don biyan albashi. Shugaban uwar kamfanin ya tabbatar wa majalisar dokokin Amurka cewa sun biya fansar dala miliyan 22, kuma daga baya aka bayyana cewa bayanan mutum kusan miliyan 190 abin ya shafa. Babu ɗaya daga cikin asibitocin nan da ya yi sakaci da tasa na'urar. Laifinsu kawai sun taru a masauki ɗaya.

A Najeriya akwai ƙarin haɗari biyu. Na farko hanya ce. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da kamfanoni da dama suka tsaya cak, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Wanda manhajarsa ke zaune a Turai ya rasa hanyar isa gare ta, alhali wanda tasa ke wata cibiya a cikin ƙasa ya fi samun sauƙi. Arewa na da nata ƙarin tarihin. A Satumban 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, matakin ya bazu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, a wasu wuraren har tsawon watanni. Ɗan kasuwar Gusau da rasitinsa ba ya fita sai da intanet, da a wancan lokacin doka ta hana shi sayarwa ta wata fuska, ta kuma hana shi sadarwa ta ɗaya fuskar.

Na biyu kuɗi ne. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ya sa hannu a yarjejeniyar haya da dala ya ga kuɗin wata ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Wannan ciwo bai bar masu girkawa a gida ba, tunda lasisinsu ma da dala ne, kuma yana daga dalilan da bankin Sterling ya bayar lokacin da ya bar manhajar ƙetare ya koma wadda aka ƙera a gida a 2024. Bambancin shi ne mai mallaka na iya jinkirta sabuntawa ya lallaɓa da tsohuwar, ɗan haya kuwa ranar da bai biya ba ranar ake rufe masa ƙofa. Su kansu manyan masu ba da haya sun gane haka, shi ya sa sashen Amazon mai hayar rumbunan bayanai ya fara karɓar naira a farkon 2025.

Akwai wani tarko da ba a cika gani ba sai an shiga. Kuɗin haya yakan zo da araha a farko, a lissafa shi bisa yawan takardu ko yawan abokan ciniki. Kasuwa na buɗewa kuɗin na hawa. Idan ɗan haya ya so tashi, sai ya tarar duk aikin daidaita takardunsa da abokan hulɗarsa mallakin mai gida ne, sai ya sake daga farko a sabon wuri. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Wa ke riƙe da bayanan?

A Disambar 2025, yarjejeniyar haɗin gwiwa da FIRS ta ƙulla da hukumar harajin Faransa ta tayar da ƙura. Ƙungiyar Dattawan Arewa da 'yan adawa suka nemi a soke ta ko a bayyana abin da ta ƙunsa, hukumar kuma ta ce babu inda aka bai wa Faransa damar ganin bayanan masu biyan haraji. Duk yadda mutum ya kalli wannan taƙaddama, ta nuna jama'a sun fara ɗaukar bayanan ciniki a matsayin dukiyar ƙasa. Abin mamaki shi ne ba a yi irin wannan hayaniya ba a kan kamfanoni masu zaman kansu da rasitan za su riƙa bi ta hannunsu kowace rana.

Domin tsarin da aka shimfiɗa bai bar zaɓin a buɗe gaba ɗaya ba. Hanyar isa ga na'urar hukuma ta bi ta kamfanonin da hukumar NITDA ta tantance: masu haɗa manhajar kamfani da tsarin, da masu miƙa rasitin ga hukuma su dawo da shi da lamba. Kamfanin da ya kashe ɗaruruwan miliyoyi ya girka komai a harabarsa, rasitinsa zai fita ya bi ta wata ƙofa, ya jira amincewar wata na'ura da ba shi ke iko da ita ba. Cikakken 'yancin da ake tallata mallaka da shi ya ragu ƙwarai tun ranar da aka ƙaddamar da tsarin.

Doka ta ɗan tanadi kariya. Dokar kare bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma ƙa'idojin NITDA tun 2013 sun nemi a ajiye bayanan gwamnati a cikin gida. Sai dai dokar 2023 bayanan ɗaiɗaikun mutane take karewa. Farashin da kamfani ke sayar wa dilolinsa da jerin abokan cinikinsa, yarjejeniyar da ya sa wa hannu ce babbar garkuwarsu. Ajiye bayanai a Legas ma ba ya yanke hannun ƙetare idan mai rumbun kamfanin Amurka ne, domin dokar CLOUD ta 2018 ta bai wa hukumomin Amurka damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasarsu ko a ina suka ajiye su.

Taswirar rumbunan kanta abin dubawa ce. Rack Centre, da MDXi da kamfanin Equinix ya saya tare da MainOne a 2022, da sabuwar cibiyar MTN da aka buɗe a 2025, duk a Legas suke, kusa da inda wayoyin teku ke sauka. Babbar cibiyar da Arewa ke tinƙaho da ita ita ce ta Galaxy Backbone a Kano, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, kuma ta gwamnati ce. Rasitin cinikin da aka yi tsakanin Dawanau da Kwari zai yi tafiyar kilomita kusan dubu ya dawo, a kan wayoyin da masu aikin titi da ɓarayi ke yankewa kusan kullum. Gwamnonin da suka yi taron Kaduna a kan kason VAT ba a ji sun yi makamancinsa a kan wannan ba.

Inda ma'auni ya rinjaya

Ga mafi yawan kamfanonin Arewa, haya ce ta fi kusa da hankali. Masu iya ɗaukar nauyin mallaka da gaske 'yan kaɗan ne: bankuna, kamfanonin sadarwa, manyan masana'antun siminti da sukari, waɗanda dama suna da tashar wutarsu da rundunar injiniyoyi da cibiya ta biyu a wani gari. Su ma da yawa sun zaɓi tsaka-tsaki, su ajiye littafin kuɗinsu a gida ko su kai na'urarsu ajiya wata cibiya, su bar wa ɗan haya aikin fassara da isar da saƙo. Matsakaicin kamfanin da ya kwaikwayi banki ba tare da ƙarfin banki ba zai ɗauki dukkan haɗarin mallaka, bai samu amfaninta ba.

Amma shiga haya ido rufe wauta ce ta daban, kuma a takardar yarjejeniya ake cin wannan yaƙi ko a faɗi. Farashi ya kasance da naira, da iyakar abin da za a iya ƙarawa a shekara. A rubuta ƙasar da bayanan za su zauna, da haramcin amfani da su don wani abu daban, domin kamfanin da ke ganin rasitan masu casar shinkafa goma ya san kasuwar fiye da kowannensu. Manhajar ta iya tara rasitai idan intanet ta ɗauke, ta aika su idan ta dawo. A fayyace diyyar da mai haya zai biya idan tsayawarsa ta jawo wa ɗan haya tara.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne kwafi. Doka ta wajabta ajiye takardun ciniki na aƙalla shekara shida, kuma mai kamfani za a tambaya, ba wanda ya ba shi haya ba. Kamfanonin fasaha kuwa suna rufewa, ana sayar da su, ana janye musu lasisi. Dole ɗan haya ya riƙa sauko da cikakken kwafin takardunsa a fasalin da wata manhaja za ta iya karantawa, ya ajiye shi a wurin da ba ya haɗe da intanet.

Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya koyi wannan a Yunin 2017. Cutar kwamfuta ta NotPetya ta shigo masa ne ta wata manhajar lissafin haraji da kamfanoni ke amfani da ita a Yukren, ta bi hanyoyinsa na duniya cikin mintuna. Tashoshinsa suka kasa karanta takardun kayan da ke cikin jirage, manyan motoci suka yi layi a ƙofofi. Sai da ya sake girka saba 4,000 da kwamfutoci 45,000, ya yi asarar da ta kai dala miliyan 300. Kwafin wata muhimmiyar na'ura da ya tsira, wanda da shi aka farfaɗo da sauran, an same shi ne a wani ofishin kamfanin a Afirka ta Yamma, inda ɗaukewar wuta ta raba na'urar da intanet kafin cutar ta iso.

Saura ɓangaren da babu yarjejeniyar ɗan kasuwa da za ta magance, wato ranar da na'urar gwamnati ce ta tsaya. Masu fiton kaya sun ɗanɗana wannan da B'Odogwu, sabuwar manhajar kwastam da aka fara gwadawa a tashar PTML ta Legas a Oktoban 2024 don maye gurbin NICIS II. A 2025 sun yi ta kokawa kan tsayawar tsarin, kwantenoni na zaune a tasha, kuɗin ajiya da na jinkiri na hawa a kan mai kaya, wanda daga ƙarshe zai ɗora shi a kan mai saye a Kwari ko Singa. Kwastam kayan da suka ƙetare iyaka kawai take tsarewa. Tsarin rasit kuwa, idan ya kai ga matsakaita da ƙananan kamfanoni, zai tsaya ne a tsakiyar cinikin cikin gida na yau da kullum. An rubuta wa ɗan kasuwar da ya kauce wa na'ura tararsa da lambobi, naira 200,000 da ninkin haraji. Ƙungiyar masu masana'antu da majalisun 'yan kasuwa na Kano da Kaduna, da 'yan majalisar da suka amince da dokar, su ne ke da bakin neman a rubuta ɗaya ɓangaren da irin wannan bayyanannun lambobi: awa nawa na'urar hukuma za ta tsaya kafin a halatta sayarwa ba tare da ita ba, kwana nawa za a bai wa mai kaya ya shigar da rasitansa daga baya, kuma wa zai biya kuɗin tirelar da ta kwana a ƙofar masana'anta tana jiran lamba.